Zango-Zango Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Agadas

Yaron da ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi, in aka ce masa tafiya, kudu yake dubawa. Titin Zariya ne a ƙofar gidansu, motocin da yake gani dare da rana na Kaduna ne da Abuja da Legas, tashar da ya sani kuma Unguwa Uku. Arewa a wurinsa iyakarta Daura. In an tsallaka nan, sai ƙasar da masu gadi da masu shayi suke fitowa, wadda 'yan unguwarmu ke taƙaitawa da cewa daji ne da rairayi. Ban ga laifin yaron ba. Unguwar tamu a da gonaki ce a bayan ganuwa, ba ta cika ta batse ba sai da Kano ta gama juya fuskarta inda jirgin ƙasa da kwalta suka nufa. Kafin 1911 kuwa, shekaru ɗaruruwa, kaso mai tsoka na arzikin birnin nan ta ƙofofin arewa yake shigowa, ta Mazugal da Ƙofar Ruwa da Dawanau, a bayan raƙuma da jakuna da takarkarai.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, shi ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa, a zamanin Yakubu kuma Abzinawa suka gangaro har gishiri ya wadata. Da Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, hanyar ta sami inda za ta sauke kaya. Shaidarta na nan a sunayen unguwanni: Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Fagge ma, da yau ba ka samun wurin aje ƙafa, masaukin ayarin Buzaye ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya kira kansa Abdulkarim, ya ga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya biyo ayarin gishiri na Kel Ewey daga Azbin, ya shigo Kano a Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta kayan ayarin da lodin raƙuma 3,000, mazauna birnin kuma 30,000, waɗanda kan ninka in fatake sun sauka.

Fataucin gishirin nan zagaye ne na shekara guda. A wajen Oktoba Abzinawa kan ɗauki gero su keta Tenere zuwa Faci da Bilma, su yi musaya da dabino da kantun gishiri, wanda mu muke kira balma. Su dawo Azbin, su gangaro Damargu da Damagaram, su iso ƙasar Kano an gama girbi. Raƙuma su ci kara a gonaki su bar taki, manomi na murna, Buzu na murna. Kafin damina su juya da gero da takalma da sirada, da abin da ya fi komai daraja a wurinsu, turkuɗin Kura, wanda aka rina aka buga da shuni har yana ƙyalli. Ta wannan hanyar dai aka fitar da jemammiyar fata da gashin jimina da hauren giwa zuwa Gat da Tarabulus, kuma ta nan aka kora bayi. Masu yabon zamanin ayari kan tsallake wannan na ƙarshe, bai kuwa kamata ba.

Kakana na wajen uba ya tarar da wutsiyar wannan zamani. An haife shi a Fagge gab da yaƙin Hitila, kuma tun bai fara azumi ba mahaifinsa ya sa shi kora jakuna. A shekarun 1950 suna kai turkuɗi da goro da barkono Damargu, wani lokaci har Agadas, su dawo da kanwa da balma da cukwi. Ya sayi fili a Gyaɗi-Gyaɗi lokacin ana noma dawa a inda gidajen Court Road suke yanzu. Sunansa aka sa mini, don haka Takwara yake kirana, kuma wasan jika da kaka bai taɓa yankewa tsakaninmu ba.

A ƙarshen 2011 ya ce in kai shi Agadas a kan babur ɗina, Bajaj Boxer. Gida ya ɗauki salati. Babana ya ce ga bas nan daga Damagaram, kwana ɗaya an isa. Tsoho ya ce bas ba ta san zango ba, kwalta kawai ta sani. Dalilinsa kuwa bashi ne: akwai kuɗin balma da mai masaukinsa na Agadas ya ba shi a kan amana kafin farin 1973, fari ya kashe raƙuma, ciniki ya watse, ba a sake haɗuwa ba. Da aka ce a aika, sai ya ce zuwa da kai ya fi aike. Ya je Kura da kansa ya sa aka buga masa turkuɗi.

Shirin da ya yi mana na fatake ne sak. Ni na tanadi tif biyu da faci da famfo da fulogi da galan ɗin baƙin mai da jarkar fetur. Shi kuma ya kawo tabarma da bargo da buta, da dakuwa da ƙuli-ƙuli da kilishi da garin fura, da ƙullin goro a ganye wanda ya ce ba na ci ba ne, na buɗe baki ne. Ya tsaya a kaina har na raba kayan gida biyu daidai a gefen kariya.

"Takwara, mangala in ta karkata, jaki ne ke biya. Yau kuwa ni ne a baya."

"To Alhaji, in ka faɗo ai na gaji amaryata."

"Kakar taka ta fi ƙarfin mai babur."

Muka bi Ɗambatta da Kazaure da Daura, muka tsallaka a Kwangwalam, aka buga mana takarda a Ɗan Barto. Wannan iyakar Ingila da Faransa suka shata, jami'ansu O'Shee da Tilho suka bi ta suna kafa alama tsakanin 1906 da 1908. Sai da aka sake zana ta saboda Faransawa sun ce layin farko bai bar musu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba. Ashe su ma da bindigoginsu lissafin fatake suka bi, na daga wannan ruwa zuwa wancan.

A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi yi wa tarihin hanyar gurguwar fahimta. Ana ɗauka jarumtar mutum ɗaya ce ke ratsa daji. Ina! Tsari ne. Ayari na da madugu, wanda ke yanke ranar tashi, ya sasanta rigima, ya yi ciniki da sarakunan hanya kan gaisuwa da kuɗin fito. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai duba sa'a da riƙe lissafi. Tafiyar yini ba ta wuce abin da jaki mai kaya zai iya ba, kuma dole ta ƙare a bakin ruwa. Nan ne zango. In ana yawan sauka, mata su fara kawo fura da tuwo, mahauci ya kafa tukuba, maƙeri ya zo, wani bafatake ya gaji ya yi aure ya zauna. Haka aka sami Zangon Daura, da unguwar Zango ta Damagaram, da zangunan da Hausawa suka kafa har Kumasi da Accra ta hanyar Gwanja. A cikin gari kuma akwai fatoma, mai masauki, wanda zai ba ka ɗaki, ya ajiye kayanka, ya nemo mai saye, ya tsaya maka in an ba ka bashi, ya ɗauki la'adarsa. Ba takarda, ba kotu. Wanda ya ci amana a Agadas, labarinsa zai riga shi isa Kurmi, kuma ya gama fatauci ke nan. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga wajen Abzinawa ne, a kan wannan tsarin suka gina dukiya, kuma cikin Agalawa aka sami Alhassan Ɗantata. Ko rukunin gidajen Kundila da muke maƙwabtaka da su, sunan wani attajirin wancan zamanin suka ci.

Bayan Matamaye da Kance da Takeita sai Tirmini, inda a 1899 sojan Faransa suka karya rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a garinsa. Damagaram kanta gari biyu ce: Birni na sarki, mai ganuwar da Tanimu ya gina, da Zango na fatake, inda attajiri Malam Yaro ya yi zamani. Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 zuwa 1926. A Zango muka sauka, gidan jikokin fatoman mahaifin Kaka. Bai san kowa a cikinsu ba. Ya yi sallama, ya ambaci sunan kakansu da na mahaifinsa, ya miƙa goro. Kafin a jima an share ɗaki, an kawo ruwa, an shigar da babur zaure. Ni da na yi niyyar neman ɗakin haya sai na ja bakina.

Abin da ya kashe babban ayari ba ɓoyayye ba ne. Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903. A 1911 dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da kan yi watanni a hamada yanzu ta teku da jirgin ƙasa suke zuwa, da araha. Daga 1912 gyaɗa ta ɗauke hankalin attajirai. Sai yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. Sai yaƙin Kawusan, wanda ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917 da goyon bayan Sarkin Azbin Tegama, ramuwar da Faransa ta yi kuma ta cinye mutane da raƙuma, ta kora Abzinawa da yawa kudu, wasu har ƙasar Kano. Amma reshen Tarabulus ne ya mutu. Na gishiri da gero da turkuɗi ya ci gaba, don jirgin ƙasa bai hana saniya lasar balma ba, bai kuma sa Buzu ya daina naɗi ba. Wannan reshen Kaka ya gada.

Daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, kuma duk ƙasar noma ce, ba ka rabuwa da gawo da rumbu. Daga nan zuwa Agadas kimanin 450, a nan ne ƙasa ke sauya. Kusa da Bakin Birji muka wuce matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwambar 2011, sabuwa fil, amma fetur ɗin da muke sha na kwalba ne daga hannun 'yan ruwa-ruwa, wanda aka tsallako da shi daga Najeriya. Damargu ita ce rumbun Azbin tun da, geronta ne ke tafiya Bilma. Bayan Tanut gonaki suka fara ja da baya, kalgo da sabara suka ƙare, sai aduwa da farar ƙaya da tumfafiya, da ƙarangiyar da ba ta barin wando. Kwalta ta mutu a wurare da yawa, gara ka sauka gefe ka bi sawun motoci. Muna ta karo da manyan motoci an yi musu lodi har sama, mutane a kan kaya, masu gudowa daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi.

Kaka ba ya yarda a kai magariba a kan hanya. Da la'asar sakaliya zai taɓa kafaɗata, mu ratse. Ƙa'idojinsa na kwana a daji ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba a sauka a bakin rijiya, don dabbobi da masu su na zuwa da dare. A matsa inda za a gan ka amma ba ka tare wa kowa hanya ba. Ba a kwana cikin kwari ko da rani ne. A duba inda iska ke fitowa, a sa kaya su tare ta, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Mafi girma, ba a shimfiɗa tabarma sai an je an gai da mutanen da suka fi kusa, ko bukka ɗaya ce.

Na ce masa, "Alhaji, in ɓarayi ne fa? Mun kai kanmu ke nan."

"Wanda ka gaisar ya zama mai gadinka. Wanda ka ɓuya masa, shi zai zo duba ko wane ne."

Hakan kuwa aka yi a wata rijiya tsakanin Tanut da Adarbisanat. Rijiyar mai zurfi ce ƙwarai, raƙumi ke jan wasaki, yaro na kora shi har ya yi nisa kafin ruwa ya fito. Muka gai da masu garken da Hausa, suka amsa da Hausa. Da dare dattijonsu ya zo da gawayi da 'yar butar shayi da nonon raƙumi. Suka zauna shi da Kaka suna jero rijiyoyi da sunayen waɗanda suka haƙa su, wace ta ƙafe, wace ta yi ɗaci, wane madugu ya rasu a ina. Sanyin hunturun wurin na shiga har ƙashi, ni ina ƙudundune cikin bargo, su ko a jikinsu. Abin da nake kira daji, su unguwa-unguwa suke lissafa shi, kowane yanki da mai shi da wanda ake tambaya kafin a shayar.

Shigar babur wannan hanya ba ta daɗe ba. Farin 1973 da 1974, sannan na 1984, sun karkashe raƙuma da jakuna, manyan motoci suka karɓe dakon gishiri da kanwa. A Najeriya kuwa kuɗin Udoji sun cika gari da Honda da Yamaha da Vespa daga 1975, 'yan shekaru kaɗan kuma na hannu suka sauko inda ƙaramin ɗan kasuwa zai iya saya. Kaka ya sayi Honda CD 175, yana kai turkuɗi da goro kasuwannin Damargu, tafiyar da a da take cin makonni. Da Janar Buhari ya rufe iyaka a 1984, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa, babur ne ya riƙa bin tsoffin turbobin jakuna inda mota ba ta shiga. A Janairun 1979 tseren Paris-Dakar na farko ya ratsa Agadas, Bafaranshe Cyril Neveu ya yi nasara a kan Yamaha XT500, duniya ta yi ta tafi. Ban raina masa ba. Amma shi da masu shirya tseren a bayansa yake tafe, ɗan kasuwar Fagge kuwa daga shi sai tif ɗaya da sunan fatoman ubansa.

Taya ta yi mana faci a gangaren Tigidit, muka gyara, muka shiga Agadas da hantsi. Tun daga nesa ake hango hasumiyar babban masallaci, ta ƙasa zalla, mita 27, wadda aka fara ginawa a wajen 1515 aka sabunta a 1844. A kasuwa Hausa ake ciniki. Mai masaukin Kaka ya daɗe da rasuwa. Ɗansa muka samu, shi ma da furfura, ba shi da raƙumi ko ɗaya, Hilux yake da ita mai zuwa Dirku. Kaka ya zayyana masa bashin: kantu nawa, a wace shekara, a gaban wa. Mutumin ya ce bai san da zancen ba, ya ƙi karɓar kuɗi, aka kira limamin unguwa, aka tsaya a kan ya karɓi turkuɗi a raba wa magada. Ya warware ɗaya, ya murza a yatsa, ya duba shunin da ya kama hannunsa, ya ce bai kai na da nauyi ba. Kaka ya ji haushi ƙwarai, ya ce ai balmar ubansa ma rabinta ƙasa ce. Suka kwashe da dariya, aka kawo shayi. Da za mu taho ya ɗaura mana kantu biyu da buhun dabino, wato ya buɗe sabon bashi.

A dawowa bayan tsoho ya ƙi, dole ya hau bas ɗin da ya raina har Damagaram, ni na biyo da babur da kaya.

Ba a daɗe ba hanyar ta sake sauya hannu. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin motocin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin Kano, don haka ko daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Ɗangi ba zan iya ɗaukarsa ba. A 2014 aka gano zinare a Jado, samari daga Kano da Katsina da Zamfara suka kwarara arewa ta Tanut da Agadas, da yawansu ba su san kakanninsu sun bi ta nan ba. A 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi da motoci a Agadas, sojojin da suka karɓi mulki suka soke ta a Nuwambar 2023. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A duk lokutan nan tireloli sun yi layi a Kwangwalam da Maigatari, masu babur kuwa na ratsa gonaki da dare da jarkoki da buhuna, kowanne da gidan da yake sauka a tsallake da yaron da ke gaba yana duba masa hanya. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zai bi Kazaure da Daura, daga nan ya karkata yamma ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ya bar Damagaram da Damargu ga motoci da babura.